Kulob Ya Shiga Tsanani: A Kori Koci Ko A Yi Masa Haƙuri?

Babu wata mas'ala a sha'anin ƙwallon ƙafa da ta kai ta korar koci yawan masu ba da fatawa, gama duk ranar da babban kulob ya sha kashi sau uku ko huɗu a jere, kafin alƙalin wasa ya sauke usur daga bakinsa za ka iske an riga an yanke hukunci a gidajen kallo da teburan masu shayi, tun daga Manchester da Landan har Kano da Damagaram da Kumasi, kuma hukuncin kusan kullum ɗaya ne, watau a sallami mutumin nan a kawo wani. Masu faɗin haka ba ƙeta ke sa su ba. Mutum ne ya biya kuɗin kallo daga ɗan abin da ya samo a wuninsa, ya zauna minti casa'in zuciyarsa na bugawa, sa'an nan ya fito ya tarar da abokan hamayya suna jiransa a bakin ƙofa da ba'a, saboda haka dole ya nemi wanda zai ɗora wa alhakin baƙin cikinsa. Amma fa hukuncin da ya fito daga zafin rai yana bukatar a sake duba shi bayan an huce, domin abin da ake magana a kansa amana ce da aka damƙa wa mutum, da dukiya mai yawa, da kuma makomar kulob na shekaru masu zuwa.

Dalilin da ya sa koci ke zama na farko a bakin wuƙa ba ɓoyayye ba ne. 'Yan wasa sun haura ashirin, kowannensu yana riƙe da kwantiragi, kuma kasuwar saye da sayarwa sau biyu kawai take buɗewa a shekara. Mai kulob kuwa ba zai kori kansa ba, haka nan daraktocin da suka sayo 'yan wasan da ba su dace ba. Saura mutum ɗaya, wanda yake tsaye a bakin fili kowa na ganinsa, wanda kuma za a iya rabuwa da shi da takarda guda cikin dare ɗaya. Sauƙin korarsa shi ya sa ake yawan yi, alhali kuwa sauƙin abu ba ya zama hujja a kan ingancinsa.

Duk wanda zai yi wannan muhawara a bisa adalci, lalle ne ya fara da labarin Alex Ferguson, saboda shi ne shaidar da masu kiran a yi haƙuri suke fara gabatarwa, ko da yake da yawa daga cikinsu ƙarshen labarin kaɗai suka sani. A ranar 6 ga Nuwamba 1986 hukumar Manchester United ta naɗa shi a madadin Ron Atkinson, kulob ɗin yana can kusa da ƙasan teburi, rabonsa da cin gasar Ingila tun 1967. Mutumin bai zo hannu rabbana ba, domin a Aberdeen ta ƙasar Sukotlan ya riga ya karya ikon Celtic da Rangers, ya ci gasar ƙasar sau uku, har ya doke Real Madrid a wasan ƙarshe na wani kofin Turai a 1983. Duk da haka wasansa na farko a sabon aikin sai Oxford United ta ci shi biyu da nema. Kakar farko ya ƙare a na 11, ta biyu ya hau har na 2, mutane suka ce ga sauƙi ya zo, sai ta uku ya sake gangarowa na 11. A bazarar 1989 ya sayar da Norman Whiteside da Paul McGrath, waɗanda magoya baya ke ƙauna ƙwarai, aka kuma buɗe masa baitulmali ya sayo Gary Pallister da Paul Ince da Neil Webb da Mike Phelan da Danny Wallace da kuɗi masu kauri a lissafin wancan zamani. Sakamakon da ya biyo baya shi ne, a watan Satumba maƙwabtansu Manchester City suka lallasa su da ci 5 da 1, kafin ƙarshen shekara kuma wani mai goyon baya ya ɗaga ƙyalle a filin Old Trafford yana cewa shekara uku ke nan ana ba su uzuri, ya isa haka, Ferguson ya kama gabansa. Jaridu suka yi ittifaƙi a kan cewa kwanakinsa sun ƙare.

A cikin wannan hali aka haɗa su da Nottingham Forest ta Brian Clough a zagaye na uku na kofin FA, a gidan Forest, ranar 7 ga Janairu 1990. Wani saurayi mai suna Mark Robins ya sa kai a ƙwallon da Mark Hughes ya aiko masa, aka tashi ɗaya da nema. Daga nan suka yi ta tsallake zagaye har Wembley, inda suka yi canjaras 3 da 3 da Crystal Palace, aka sake wasa, Ferguson ya ajiye mai tsaron gidansa Jim Leighton wanda tun Aberdeen suke tare ya sa Les Sealey, Lee Martin kuma ya ci ƙwallon da ta ba su kofi. A gasar ƙasa kuwa na 13 suka ƙare a wannan kakar. Shekara ta zagayo suka doke Barcelona 2 da 1 a Rotterdam suka ɗauki kofin Turai, a 1993 suka ci gasar Firimiya bayan jiran shekara 26, kuma kafin Ferguson ya yi murabus a 2013 ya ci gasar nan sau 13, ya ɗauki kofin Zakarun Turai sau biyu.

Abin da ya shahara a bakin mutane shi ne ƙwallon Robins ce ta ceci aikin Ferguson. Shugaban kulob ɗin na lokacin, Martin Edwards, ya sha musanta haka, yana mai cewa ko da an ci su a ranar ba su da niyyar korarsa, kuma ni na fi karkata ga gaskata shi, saboda shi da Bobby Charlton da sauran daraktoci suna ganin abin da mai zama a kan benci ranar Asabar ba ya gani. Suna ganin mutumin da ya tarar da al'adar shan giya ta yi katutu a tsakanin manyan 'yan wasa ya tashi haiƙan yana yaƙarta. Suna ganin ya ƙara yawan masu farauto yara masu baiwa a unguwannin Manchester da kewaye, inda a da City ce ke kwashe su. Suna ganin ya taka da ƙafarsa har gidan wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Ryan Giggs don ya shawo kan iyalinsa. Daga wannan makaranta da ya farfaɗo da ita David Beckham da Paul Scholes da Nicky Butt da 'yan gidan Neville suka fito. Ashe haƙurin da hukumar United ta yi a kan dalili ya ginu, dalilin kuwa aiki ne da ake gani da ido a filin atisaye kowace safiya, wanda teburin gasa bai riga ya bayyana shi ba tukuna.

A nan ne ƙiyasin mutane da yawa yake ɓaci. Duk kocin da ya shiga tsanani sai a ce ai Ferguson ma sai da ya yi shekara uku da rabi kafin ya ɗaga kofi, kamar daɗewa cikin rashin nasara ita ce illar da ta haɗa su, alhali illar gaskiya ita ce wancan aikin na ɓoye, kuma inda babu shi ƙiyasin bai tsaya ba. United ɗin da kanta ta gwada wannan darasi daga baya. A kakar 2023/24 Erik ten Hag ya ƙare da ita a na 8, ƙwallayen da aka zura mata sun fi waɗanda ta ci, amma a ranar 25 ga Mayu 2024 ya doke Manchester City 2 da 1 a wasan ƙarshe na kofin FA, da ƙwallayen samari biyu, Garnacho da Mainoo. A zahiri labarin ya yi kama da na 1990 matuƙa. Sababbin masu tafiyar da kulob ɗin, waɗanda duniya ta san sun riga sun tuntuɓi wasu kociyoyi, suka fasa korarsa, suka tsawaita masa kwantiragi, suka sayo masa sababbin 'yan wasa da maƙudan kuɗi, sa'an nan a ranar 28 ga Oktoba suka kore shi kulob ɗin yana na 14, suka biya shi da mataimakansa diyyar da ta haura fam miliyan 10. Wannan shakka ce aka lulluɓe da rigar haƙuri, gama ba su amince da mutumin ba kuma ba su rabu da shi ba, sai suka bar wasa guda ya yanke musu shawarar da ya kamata nazarin shekara biyu ya yanke, suka yi asarar kuɗi da kaka guda gaba ɗaya.

Leicester City kuwa ta ba da shaida ga ɓangarorin biyu cikin shekara biyu. A kakar 2014/15 ta yi watanni a ƙarshen teburi, masu kulob suka ƙyale Nigel Pearson a kan aikinsa, ya ci bakwai daga wasanni tara na ƙarshe ya tsira. A 2016 Claudio Ranieri, wanda ya gaje shi, ya ɗauki kofin Firimiya da kusan waɗannan 'yan wasa, abin da ya girgiza duniyar tamaula, amma a watan Fabrairu 2017, wata tara bayan bikin, aka sallame shi kulob ɗin yana maki ɗaya tak a saman masu faɗuwa. Mutane suka yi Allah wadai, suka kira abin butulci, kuma ba su rasa gaskiya ba. Sai dai mataimakinsa Craig Shakespeare ya karɓi riƙo ya ci wasanni biyar na farko a jere, ya fara da doke Liverpool 3 da 1, ya fitar da Sevilla daga gasar Zakarun Turai. Masu goyon bayan kora suka ce ga hujja a fili. Ba a kai ƙarshen Oktoba na wannan shekarar ba shi ma aka kore shi.

Wannan farfaɗowa da ake gani bayan zuwan sabon koci ita ce babbar hujjar masu gaggawa, kuma ta cancanci a tsaya a kanta da kyau. Wani masanin tattalin arziki ɗan ƙasar Holan, Bas ter Weel, ya bi diddigin gasar ƙasarsu daga 1986 zuwa 2004, ya ware kulob-kulob ɗin da suka kori koci bayan mummunan sakamako, ya gwada su da waɗanda suka shiga irin wannan tsanani amma ba su kori kowa ba. Abin da ya samu shi ne duka biyun sun farfaɗo, kuma gwargwadon farfaɗowar bai bambanta da wani abin kirki ba. Sirrin abin yana cikin lokacin da ake yin korar. Ba a korar koci sai sa'ad da al'amura suka kai maƙura wajen lalacewa, watau lokacin da raunin 'yan wasa, da haɗuwa da manyan abokan karawa a jere, da ƙwallon da ta bugi turke ta dawo, da fanaretin da alƙali ya hana, duk suka taru wuri ɗaya. Irin wannan taruwa kuwa ba ta daɗewa, ko an taɓa koci ko ba a taɓa ba. Misalinsa kamar mai zazzaɓin da ya kwana shida yana shan magani, a rana ta bakwai da ciwon ya riga ya kama hanyar sauka aka kawo masa wani jiƙo, ya sha ya tashi, sai gari ya ɗauka mai jiƙon ne gwani, aka manta da wanda ya yi jinyar kwana shida.

Kakar Firimiya ta 2022/23 ta ƙara fito da wannan. Kulob ukun da suka faɗa gasar 'yan dagaji, watau Southampton da Leeds da Leicester, dukansu sun canza koci, biyun farko ma har sau biyu. Nottingham Forest ta riƙe Steve Cooper ta tsira, West Ham ta riƙe David Moyes ta tsira har ta ɗauki kofin Turai a ƙarshen kakar. Adalci kuma ya wajabta a faɗi cewa a cikin wannan kakar ce Aston Villa ta sallami Steven Gerrard ta kawo Unai Emery, ya ɗauko ta daga bakin rami ya kai ta na 7.

Akwai kuma wata haƙiƙa da masu nazarin lissafin ƙwallo, irin su Stefan Szymanski, suka daɗe suna nunawa, cewa in an ɗauki shekaru masu yawa aka auna, matsayin kulob a teburi yana bin yawan albashin da yake biyan 'yan wasansa fiye da yadda yake bin kowane abu. Saboda haka kafin a ce koci ya gaza, sai a fara tambaya: gazawa daga wane mizani? Kulob ɗin da albashinsa ke na 17 in ya ƙare a na 15, kocinsa ya yi abin yabo, ko da magoya baya sun kwana suna mafarkin Turai. Mutanen Freiburg a Jamus sun fahimci wannan tun da daɗewa. Volker Finke ya yi shekara 16 yana horar da su, ya faɗi da su rukuni na biyu har sau uku ba su kore shi a kan haka ba. Christian Streich ya karɓa a ƙarshen 2011, ya faɗi a 2015, aka bar shi, ya dawo da su a shekara mai bi, ya kai su gasar Turai, bai tafi ba sai da ya ga dama a 2024. Burnley ta yi haka da Sean Dyche, ya faɗi a 2015, ya dawo a 2016, ya ƙare a na 7 a 2018. Ranar da haƙurin nasu ya ƙare suka kore shi a Afrilun 2022, faɗuwar da suke gudu ba ta fasa ba.

Ba ina nufin kora haramun ce a kowane hali ba. Chelsea ta ɗauki kofin Zakarun Turai sau biyu, a 2012 da Roberto Di Matteo, a 2021 da Thomas Tuchel, kuma dukansu a tsakiyar kaka aka kawo su bayan an sallami wani. Mu ma nan Nijeriya ba mu manta da yadda Kodebuwa ta sauke kocinta ana tsakiyar gasar kofin Afirka a farkon 2024, Emerse Faé ya karɓa ya zo ya doke Nijeriya 2 da 1 a wasan ƙarshe ba. Amma a lura, a waɗannan wurare akwai gwanayen 'yan wasa a ƙasa, abin da ya ɓace shi ne fahimtar juna tsakaninsu da mai jagorancinsu. To, wannan ita ce alamar da ba ta da magani. In 'yan wasa suka daina gudu domin koci, aka ci su ƙwallo ɗaya suka saki jiki, maganar ɗakin sauya kaya ta riƙa fitowa a jarida, shi kuma kocin ya koma yana sauya tsari kowane mako yana zargin yaransa a gaban 'yan jarida, to amana ta riga ta warware, kuma riƙe shi cutarwa ce gare shi da kulob baki ɗaya. In kuwa ana shan kashi amma yara suna fafatawa har minti na ƙarshe, ana samar da damar cin ƙwallo ana ɓarar da ita, matasa suna ƙaruwa da ilimi a hannunsa, kuma in an tambaye shi ina ciwon yake ya iya nunawa ya faɗi maganinsa, to korarsa zalunci ne da wauta a haɗe. Magoya bayan Arsenal, waɗanda suke da yawa a ƙasar nan, za su tuna watan Agusta 2021, lokacin da Mikel Arteta ya fara kaka da shan kashi uku ba tare da cin ƙwallo ko ɗaya ba, har da 5 da nema a hannun Manchester City, bayan ya ƙare a na 8 sau biyu. Hukumar ta ga yadda Saka da sauran samari ke tasowa ta daure, kulob ɗin kuma ya dawo cikin masu takarar kofi shekara bayan shekara.

A gasarmu ta gida lamarin ya fi ban tausayi, domin galibin kulob-kulob na gwamnatocin jihohi ne, kuma an saba jin hukuma ta ba koci wa'adin wasa uku, ko ya gyara ko ya tafi, a lokacin da 'yan wasan suke bin bashin albashi da alawus, suna kwana a mota a hanyar zuwa wasa a wani ƙarshen ƙasar. Wanda bai sauke haƙƙin da ke kansa ba, da wane baki zai tuhumi wani da gazawa? Wa'adin wasa uku ba ya haifar da komai face tsoro, koci ya ajiye matasa ya koma tsare gida, 'yan wasa kuma su gane cewa mai ba su umarni baƙo ne mai shirin tafiya.

Ra'ayina a wannan mas'ala shi ne a bi ƙa'idar da alƙalanmu suka saba da ita, cewa mai da'awa shi ke kawo shaida. Asali shi ne koci ya zauna a kan aikin da aka ɗauke shi dominsa har wa'adin da aka yi alkawari, wanda kuma yake son a kore shi, shi ne zai tabbatar da cewa ciwon daga kocin yake, ya kuma ambaci sunan wanda zai gaje shi, ya nuna cewa wannan magajin ya fi shi, yana samuwa, kuma zai iya aiki da 'yan wasan da ke ƙasa, ba sai an sake zubar da dukiya an sayo masa nasa ba. Sakamakon wasa huɗu ko biyar bai isa shaida ba. In hukumar kulob ta kori koci uku cikin shekara biyu kuwa, ita ya kamata a zaunar a yi wa tambayoyi, tun da ita ce ta zaɓo su ɗaya bayan ɗaya.

Kai kuma mai karatu, in kulob ɗinka ya shiga irin wannan hali a kakar bana, kafin ka ɗaga murya a gidan kallo ka ce a kore shi, ka dubi jerin waɗanda ke jinya, ka dubi su wa aka kara da su, ka lura ko yaran suna bin ƙwallo da zuciya ɗaya a minti na tamanin. In ka ga suna yi, ka ba mutumin nan lokaci zuwa ƙarshen kaka.